Ina Nake a Cikin Wannan Labari?

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a rage sauti)

     

Yau a kan abin da muke kallo da wanda muke saurare da wanda muke karantawa za mu tattauna, amma ta wata fuska dabam. An saba wani ya ce fim yana ɓata tarbiyya, wani ya ce a'a, gyarawa yake yi, a yi ta ja-in-ja har a tashi baram-baram. Wannan muhawara tana nan da ranta, wata rana ma waiwaye ta. Tambayar yau ita ce: a cikin ɗimbin finafinai da waƙoƙi da littattafan da suka ratsa rayuwar mutum, me ya sa ɗaya ko biyu ne kawai suke kama shi har ya riƙa cewa "nawa"? Me ya sa idan aka kushe wani wasan kwaikwayo sai ka ga ran mutum ya ɓaci kamar an zagi gidansu, alhali ba shi ya rubuta ba, ba a kuma ba shi ko sisi ba?

Idan aka kawo hoton biki, wanda dangi duka suka jeru a ciki, ku lura da abin da kowa yake yi. Kafin ya kalli amarya, fuskarsa yake fara nema. In ya samu kansa ya fito da kyau, hoto ya yi. In an yanke masa rabin kai, ko an manta da shi gaba ɗaya, to komai kyan amarya hoton bai burge shi ba. Haka muke yi da labari, ko mun sani ko ba mu sani ba. Sai dai a labari ba fuska muke nema ba, kuma babbar shaida ita ce tsohuwar soyayyar da ke tsakanin Bahaushe da fim ɗin Indiya.

Tun wajen shekarun 1950 zuwa 1960, Kwarorin da suka mallaki gidajen silima a Kano da Kaduna da Jos da sauran birane suka soma kawo finafinan Indiya. Ba su kaɗai suka kawo ba, akwai na kaboyi daga Amurka, akwai na Ingila, daga baya na 'yan Cana masu faɗa suka shigo. Duk an kalla. Amma wanda ya zauna daram, ya shige cikin gida har ɗaka, na Indiya ne. Dattawan da suka yi samartaka a Kano za su ba ku labarin Rex da Plaza da Orion da Eldorado, silima ba rufi, mutum na zaune a benci taurari na bisa kansa, yana kallon mutanen da ba ya jin ko kalma ɗaya ta yarensu, amma in an zo wajen kuka ya share hawaye da hannun riga. Har laƙabi aka raɗa wa jaruman. Dharmendra shi ne Sarkin Ƙarfi. Sanjay Dutt kuwa Ɗan Daba Mai Lasin. Mutum ba ya raɗa wa baƙo irin wannan suna sai ya ɗauke shi ɗan unguwa.

To me Bahaushe ya gani? Fatar ba tasa ba, harshen ba nasa ba, addinin mafi yawansu ma ba nasa ba. Wani Bature mai bincike, Brian Larkin, ya zauna a Kano a shekarun 1990 yana bin diddigin wannan al'amari, ya yi rubutu mai yawa a kai, kuma abin da mutane suka riƙa nuna masa shi ne kamannin zama. Ga uba ya zaɓa wa 'yarsa miji, ita kuwa zuciyarta na wajen wani. Ga saurayi talaka yana son 'yar mai kuɗi, an ce ba sa'arsa ba ce. Ga amarya ta ja mayafi ta rufe fuska da shigowar suruki. Ga matar da ba ta faɗin sunan mijinta, kamar yadda uwayenmu ba sa faɗa. Ga ɗa ya durƙusa gaban mahaifiyarsa yana neman albarka kafin ya yi tafiya. Shi kuwa kaboyi, ya hau dokinsa shi kaɗai, ba uwa ba uba, ba wanda zai tambaya izini, ya harbe wanda zai harbe ya wuce. An sha kallo, an yi tafi, amma ba wanda ya koma gida yana cewa wannan ai labarina ne.

Abin bai tsaya a silima ba. Da gidajen talabijin suka soma sa finafinan, sannan bidiyo ta shigo, matan da ba sa zuwa silima su ma suka samu rabonsu. Har masu bege suka ari karin waƙoƙin suka ɗora yabon Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, a kai; akwai ma ƙungiyar da ake kira Ushaƙu Indiya a Kano. Yau kuma ga fassarar Algaita da ire-irenta, inda Ba'indiye yake buɗe baki ya yi Hausar 'yan tasha, yara na kwasar dariya.

Ni dai a nawa ganin, darasin da ke nan a fili yake. Mutum yana ganin kansa a inda aka ɗauki damuwarsa da muhimmanci. Yarinyar da ake shirin yi wa auren dole ba ta da inda za ta kai kuka. A gida an ce ta yi biyayya, a waje an ce ta yi haƙuri. Sai ga wata a allo, mai irin damuwarta, an ba ta awa uku cur tana faɗin abin da ke ranta, har da waƙa. Yaya za a yi ba za ta so wannan fim ba?

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, daga nan ne za mu gane abin da ya faru a shekarun 1980, lokacin da matasanmu suka ce to, tunda damuwar tamu ce, bari mu rubuta ta da kanmu. Kafin nan muna da littattafai, kuma manya. Gasar da aka yi a 1933 a Zariya ita ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Babu mai raina su, da su muka koyi karatu. Amma matar aure da ke zaune cikin kulle da kishiyoyi biyu, in ta duba ciki, da ƙyar za ta ga ɗakinta.

A 1980 aka buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed. Bayan 'yan shekaru sai abin ya ɓalle kamar ambaliya: ƙananan littattafai masu arha, marubuci ya buga da kuɗin aljihunsa, a kai kasuwa, a saya, a ba da haya, littafi ɗaya ya zaga unguwa har bangonsa ya cire a ɗinke da zare. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino yana cikin waɗanda suka fi tashe. Masana suka rabu biyu a kansu. Ibrahim Malumfashi ya kira su adabin kasuwar Kano, yana ganin ba za su daɗe ba; Abdalla Uba Adamu ya tsaya musu. An kai ruwa rana a jaridu. Su kuwa masu karatun, galibinsu mata, ba su jira hukuncin jami'a ba.

Bari in tsaya kaɗan a kan Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammad. An cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙaramar yarinya, auren bai ɗore ba, daga baya ta koma ta nemi ilimi a ajin manya. A littafinta Alhaki Kuykuyo Ne, na 1990, ta kawo Rabi, matar wani ɗan kasuwa, Alhaji Abdu, uwar 'ya'ya tara. Maigida yana da hali, amma cefane sai an yi da gaske. Ya auro wata, rikici ya tashi, ya kori Rabi da 'ya'yanta, ta koma sayar da abinci tana ciyar da su. Babu aljani a labarin, babu sarki, babu takobi. Kuɗin cefane ne da kuɗin makaranta da ɗakin haya. Amma mata nawa ne suka karanta suka ajiye littafin suka yi shiru, saboda an faɗi abin da su ba su iya faɗa ko ga uwar da ta haife su? Wani abin sha'awa kuma, da aka tashi fassara littafin zuwa Turanci, wadda Aliyu Kamal ya yi, wani kamfani ne na ƙasar Indiya, Blaft, ya buga shi a 2012. Shekara da shekaru muna karɓar labarinsu, sai ga namu ya je can.

Daga littafi aka tsallaka bidiyo. Ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a 1990, aka yi ta yi, har a 1999 Sunusi Shehu Daneji ya raɗa wa harkar suna Kannywood a mujallar Tauraruwa. Finafinai irin su Sangaya da Wasila suka zo suka tashi kan matasa. Wannan tarihi sananne ne, ba sai na ja shi ba.

Tunda a rediyo muke, kada in yi wa gidanmu rowa. Kafin bidiyo, kafin talabijin, akwatin nan ne ya fara sa talaka ya ji cewa duniya ta san da zamansa. Ranar 13 ga Maris 1957 Aminu Abdullahi Malumfashi ya buɗe baki a BBC daga Landan da Hausa, shiri na minti 15 kacal. Ku kwatanta yadda manomi a ƙauyen Katsina ko Maraɗi ya ji a ransa: birnin Sarauniya, kuma da harshen da yake yi wa shanunsa tsawa ake ba da labarin duniya. Sannan ga shirin Zaɓi Sonka. Yaran yanzu ba za su gane ba. Mutum ya sayi katin gaisuwa, ya zauna ya cika shi da sunayen 'yan'uwa da abokai, wani ma sai ya nemi ɗan makaranta ya rubuta masa, ya aika, ya yi ta jira mako da makonni. Ranar da mai gabatarwa ya karanto sunansa da na ƙauyensu, har da laƙabinsa, ranar ba mai iya taka shi a dandali. Har ƙungiyoyi aka kafa na 'yan Zaɓi Sonka, mutanen da ba su taɓa ganin juna ba suka zama aminai, ana ziyara, ana zuwa bikin juna. Abin da matashi yake nema yau idan ya sa hotonsa a Facebook yana leƙawa ya ga mutum nawa suka yaba, shi kakansa ya nema da katin nan.

Makaɗa ma sun san wannan sirri. Da yawa sun yi wa sarakuna da attajirai waƙa, amma Ɗanmaraya Jos ya ɗauki kuntiginsa ya yi wa karen mota. Yaron da ke kwana a kan kaya, ana aikensa ana zaginsa, ya wayi gari an sa shi a faifai. Barmani Choge kuwa da ƙwaryarta ta shiga tsakar gida ta yi wa mata kirari a kan sana'arsu da haihuwarsu da zaman kishi, da bakin da su kansu suke magana da shi in ba maza a kusa.

(Gajeren kiɗa)

Idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan yadda mutum yake neman kansa a cikin abin da yake kallo ko saurare.

A talabijin, wanda ya fara nuna mana cewa Hausa ba kala ɗaya ba ce shi ne Samanja Mazan Fama. Marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, Banufe ne, tsohon soja, kuma Hausar bariki yake yi, yana cakuɗa ta da Turancin fareti. Soja da ɗan sanda da matan bariki da 'ya'yansu, waɗanda a cikin gari ake yi wa Hausarsu dariya, sai ga shi da irin bakinsu ake nishaɗantar da Arewa gaba ɗaya. Dariya ake yi, amma tare da Samanja ake yin ta, shi ne gwarzon wasan.

A zamaninmu kuwa, misalin da ya fi kusa shi ne Daɗin Kowa na tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014. Garin Daɗin Kowa na wasan ƙirƙirarre ne, amma kowa ya san lungunansa. Ga mai shayi, ga mai gadi, ga dillaliya, ga malamin tsangaya da almajiransa, ga matasan da ƙwaya ta ɗauke, ga waɗanda rikici ya koro daga garuruwansu, ga Stephanie, Kirista, tana zaune cikin jama'a lafiya lau. Ɗakunan irin namu ne, labule ya koɗe, buta a bakin ƙofa.

Akwai wata tsohuwa a unguwarmu da ba ta yarda a yi mata motsi in an fara shirin. Wata rana Kamaye, mijin Adama a wasan, yana ta kumfar baki, shi ne maigida, shi ne mai iko, alhali bai ajiye ko ƙwayar hatsi ba, Adama kuma ta tsaya masa a ka. Tsohuwar nan ta nuna allo da carbinta ta ce, "Kai dai an yi malalaci! Fita ka nemo, mutumin banza!" Jikanta ya ce, "Hajiya Kaka, ai ba ya jin ki, wasa ne fa." Ta juyo ta harare shi. "Rufe mini baki, maigidan ƙarya, kai ma ga ka nan ko kuɗin goro ba ka ba ni. Wannan da kake gani, na zauna da irinsa shekara da shekaru, har tafiyarsu ɗaya." Aka kwashe da dariya, ita ma ta yi. Amma da aka gama ta daɗe tana ba jikokin labarin yadda ta riƙe gida da kuɗin ƙuli-ƙuli, labarin da ba su taɓa ji ba.

To, duk wannan ɓangaren daɗin ke nan. Akwai na ɗaci.

Duk wanda ya kalli finafinan Kudu na shekarun baya ya san matsayin da aka ajiye Bahaushe. Yana bakin get, da 'yar hula da rediyo a kunne da goro a baki, ana ƙwala masa kira, yana rugowa yana kwaɓa Turanci. Gadi sana'a ce, halal ce, ba abin kunya ba. Inda matsalar take shi ne a ce kullum nan ne, ba likita, ba alƙali, ba malamin jami'a, ba ma mai gadin da yake da mata da 'ya'ya da tunani irin na kowa. Yaron da aka haifa a Legas ko Fatakwal ya tashi da wannan hoto, ranar da ya haɗu da Bahaushe a jami'a sai ya yi mamaki. Yaronmu kuma da ke zaune a can, in an tambaye shi daga ina, sai ya ɗan yi jim. Haka kuma da aka saki fim ɗin Amina a Netflix a 2021, wanda Izu Ojukwu ya ba da umarni, 'yan Arewa da yawa sun yi ƙorafi: labarin Sarauniyar Zazzau ne, amma da Turanci aka yi, kuma sutura da ɗabi'un ba su yi musu kama da na gida ba. Sunan nasu ne, amma sun duba ba su ga kansu ba.

Ƙorafin yana da hujja. Sai dai, jama'a, in za mu yi adalci mu juyo da fitilar gida. Yaya muke nuna wasu a namu finafinan? Bagwari in ya fito, wawa ne. Bafulatani da sandarsa, bai san komai ba sai nagge, a cuce shi a kasuwa a yi dariya. Ibo ɗan son kuɗi ne. Baƙauye kullum shi ne ke shan ruwan wanke hannu a gidan biki. Basakkwace ko Bakatsine, in ka ji an bar shi ya yi karin harshensa, to ban dariya ake so. Jarumin da za a so, wanda zai auri yarinyar, Hausar Kano zai yi ko da labarin a Argungu aka ce ya faru. Na san za a ce ai wasan barkwanci ne, akwai taubasantaka tsakaninmu, kuma gaskiya ne akwai. Amma wasan taubasai kowa yana da bakin ramawa. A fim kuwa wanda ya riƙe kyamara shi kaɗai ke magana, ɗayan yana zaune a gida da 'ya'yansa suna kallo.

Akwai kuma waɗanda ba a ma yi musu ba'ar ba, an dai tsallake su. Makaho ko gurgu ba ya fitowa sai da ƙoƙon bara, alhali muna da su malamai da 'yan kasuwa da ma'aikata. Bahaushe Kirista, wanda yake karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa, yake waƙar coci da Hausa, sau nawa kuka gan shi a matsayin jarumi? Ga 'yan'uwanmu na Damagaram da Maraɗi da Tawa, ga na zangon Kumasi da Nima a Ankara, ga na Yawunde, suna cikin waɗanda suka fi kowa riƙe finafinan nan. Sun ba masana'antar mutane: Hadiza Gabon a Libreville aka haife ta, Fati Nijar da Rakiya Moussa daga Nijar suka zo. Amma labarin da aka gina a kan rayuwar ɗan zango, wanda kakansa ya je fataucin goro Gwanja bai dawo ba, shi kuma yana Hausa yana Twi yana Turanci, bai taɓa ganin Kano ba amma ana ce masa ɗan Arewa, wannan labari yana nan yana jiran mai ɗauka.

Wani zai ce, to Malam, in haka ne me ya sa finafinan da ake yi a katafaren gida, da falo kamar filin ƙwallo da motoci jere, suke samun kasuwa wajen talakawa? Ai ba rayuwarsu ba ce. Wannan tambaya ce mai kyau. Mutum ba halin da yake ciki kaɗai yake nema a labari ba, har da wanda yake fatan zama. Dubi Izzar So, wanda ya yi tashe a YouTube: Umar Hashim yaro ne mai gaskiya da ladabi a tsakiyar masu kuɗi da masu izza, ana ƙulla masa sharri yana tsallakewa. Matashin da ke kallo a wayarsa a bakin shago ba kujerun ofishin yake kallo ba. So yake a tabbatar masa cewa ɗan talaka mai gaskiya zai iya kai labari. Wannan buri ne mai kyau. Inda nake jin tsoro shi ne inda gidan da motar suka zama su ne jaruman, yarinya ta tashi da tunanin cewa auren da ba a yi shi a irin wannan falo ba, ba aure ba ne. Mun ga gidajen da wannan tunani ya girgiza.

Saboda haka iyaye, ga wata 'yar shawara da ba ta cin kuɗi. Yau kallo ya bar tsakar gida ya koma cikin waya, kowa da tasa, kowa da abin toshe kunne, kuma manhajar tana lura da abin da yaro ya tsaya a kai ta yi ta turo masa irinsa. Ƙwace waya yana da lokacinsa, amma kafin nan, zauna kusa da 'yarki ki ce, "Uwata, a cikin shirin nan wa ya fi burge ki?" In ta faɗa, ki ce, "Me ya sa?" Sannan ki yi shiru ki saurara, kada ki tare ta da wa'azi. Yarinyar da ta ce tana son wadda kishiyar uwa take gallaza wa, wataƙila wani abu take gaya miki. Yaron da kullum jaruminsa shi ne wanda aka raina daga baya ya rama, Malam, bincika ka ji wa yake raina shi a makaranta ko a gida. Abin da yaro ba zai iya faɗa a kan kansa ba saboda kunya, yana iya faɗarsa a kan mutumin cikin fim.

Masu sha'awar rubutu kuma, musamman mata, ƙofa a buɗe take fiye da da. Tun 2016 sashen Hausa na BBC yake shirya gasar Hikayata ta gajerun labarai ta mata zalla. Labarin da ya fara lashe ta, Sansani na Aisha Muhammad Sabitu, a kan rayuwar 'yan gudun hijira ne, mutanen da a labarun duniya adadinsu kawai ake faɗa. Wasu kuma ba su jira gasa ba, suna rubutawa a waya suna rarrabawa a WhatsApp shafi-shafi, masu karatu na biya ta banki. Mai sayar da awara, da ɗan acaɓan da aka hana sana'a, da nas ɗin da ke kwana a asibitin ƙauye ba wuta, kowannensu akwai wanda ya san labarinsa ciki da bai, kuma mai yiwuwa yana sauraronmu yanzu.

Agogo ya nuna lokacinmu ya cika. Muna so mu ji daga gare ku: wane fim, ko littafi, ko waƙa, ko shirin rediyo ne kuka taɓa ji kamar da ku ake, kuma wane ne ya nuna irinku ta hanyar da ta ɓata muku rai? Ku aiko mana, ku faɗi sunan garinku, za mu karanta wasu daga cikin saƙonnin a shiri na gaba in Allah ya kai mu.  

(Kiɗan rufe shiri)